Ɗan ƙanwata na son karatun likitan haƙori a Amurka: wane aiki zai yi a asibiti kafin ya cika fom?

Maman Khalifa: Assalamu alaikum mutanen gida. Ɗan ƙanwata yana aji biyu a jami'a a jihar Texas, bayoloji yake karantawa, burinsa kuma likitan haƙori. An ce masa sai ya tara awanni a asibitin haƙori kafin makaranta ta kalli takardunsa. Uwarsa ta ce ya nemi aikin albashi a asibitin, babansa kuwa cewa ya yi ya bari sai ya zo Kano hutu, a kai shi inda za a bar shi ya taɓa aikin da hannunsa. Masana, wanne ne daidai? Awa nawa ake nema, kuma me zai riƙa yi idan ya je?

Dakta Ummi: Wa alaikumus salam Maman Khalifa. Abu uku ne ake cakuɗawa, kuma a fom ɗin kowanne gidansa daban. Akwai kallon aiki, wato ya tsaya bayan likita ya zuba ido, ba ya taɓa komai. Akwai aikin albashi, kamar mai taimaka wa likita a gefen kujera, ko mai wanke kayan aiki, ko mai zaman tebur a ƙofa. Sai aikin sa kai a wuraren da ake duba marasa ƙarfi kyauta. Wanda makarantu suka fi ɗora sharaɗi a kansa shi ne na farko.

Adadin ya bambanta daga makaranta zuwa makaranta, amma wanda ya kai awa 100 ya shiga sahun da yawancinsu ke so. Kaso mafi tsoka ya zama a wajen likitan haƙori na gama-gari, mai ciko da cirewa da wankin haƙori, domin shi ne aikin da digirin ke koyarwa. Yara da yawa sukan ƙare awanninsu wajen mai sa wayar daidaita haƙora saboda wurin ba jini ba kuka, sai a zo ganawa a tambaye su yadda ake ciko su yi zuru.

Tunda a Texas yake: makarantun gwamnatin jihar guda huɗu, na Houston da San Antonio da Dallas da El Paso, ta shafin neman gurbi na jihar, TMDSAS, ake nemansu. Na sauran jihohi ta shafin neman gurbi na ƙasa, AADSAS. Ya buɗe shafin kowace makarantar da yake so ya rubuta sharaɗinta tun yanzu.

Malam Sanusi: Kafin a yi nisa, Hajiya, da wace takarda yake zaune a ƙasar?

Maman Khalifa: Yana da katin zama na dindindin, Malam.

Malam Sanusi: To madalla, shi ba shi da matsala. Amma bari in faɗa saboda masu 'ya'ya da ke kan bizar ɗalibi ta F-1. Wannan bizar ta yarda da aiki a cikin jami'a har awa 20 a mako lokacin karatu. Aiki a asibitin cikin gari sai da izinin aikin koyon sana'a, CPT ko OPT, wanda ake bi ta ofishin ɗaliban ƙasashen waje. Kuma kada yaro ya ce ai ba biyansa ake yi ba. Idan yana wanke kaya ko amsa waya a asibitin kuɗi, aikin da aka saba biyan wani ya yi, ana iya ɗaukarsa aiki ne ba bisa ƙa'ida ba ko da sisi bai karɓa ba. Kallo zalla shi ne mai sauƙi, shi ma ya fara tambayar jami'in ofishin a rubuce, ya ajiye amsar.

Abu Yasir: Yadda ake samun wurin shi ne abin da ke kayar da yara. Suna tura saƙon imel ashirin su zauna jira, alhali akwatin asibitin mai zaman tebur ce ke buɗe shi, ita kuma abin da ya dame ta marasa lafiya da kamfanonin inshora. Ya fara da likitan da ke duba haƙoransa. Idan bai samu ba, ya taka da ƙafarsa ranar Talata ko Laraba wajen ƙarfe biyu, ya nemi manajar ofis, ya ba ta takarda shafi ɗaya mai sunansa da jami'arsa da ranakun da yake da sarari. Kada ya je safiyar Litinin, lokacin ne masu ciwon ƙarshen mako ke cika wurin. Juma'a kuma asibitoci da yawa rabin rana suke yi ko a rufe suke.

Kuma kada ya ce yana neman awa ɗari, zai tsorata su. Ya roƙi safiya ɗaya. Idan ya zo kan lokaci, bai tsaya a hanya ba, bai ciro waya ba, su da kansu za su ce ya dawo. Awa huɗu a mako na wata shida ya haura ɗari, kuma ya fi a dunƙule su cikin mako biyu, saboda zai ga mara lafiya ɗaya tun ranar da aka fere haƙorin har ranar da aka ɗora masa hula, wato murfin da ake sa wa haƙori.

Baban Nana: Ni fa ina bayan baban yaron. Abin da zai gani a sashen haƙori na babban asibiti a Kano ko Maiduguri cikin mako ɗaya, sai ya yi shekara a Houston bai gani ba. Kumburin muƙamuƙi, karayar haɓa daga haɗarin babur, haƙorin da aka bari har ya tara ruwa ya kumbura fuska. Can kuwa me zai gani banda masu son a faranta musu haƙora?

Dakta Ummi: Baban Nana, a maganar gani kana da gaskiya. Inda muka rabu shi ne maganar taɓawa. Yaron da bai shiga makarantar haƙori ba, idan ya rubuta a fom cewa ya cire haƙori ko ya yi allurar kashe zafi a Najeriya, ya yanka wa kansa tikitin ƙin karɓa. Ƙungiyar makarantun haƙori ta Amurka, ADEA, tana da gargaɗi a kan haka ga ɗaliban da ke fita waje. Masu tantancewa ba jarumta suke gani ba, suna ganin wanda ya yi wa talaka abin da ba zai yi wa Ba'amurke ba.

Kuma ba tsoron fom kaɗai ba ne. Turmin sama saiwoyinsa uku, suna dab da kogon da ke gefen hanci. Wanda bai iya ba zai iya karya saiwa ya tura ta ciki, ko ya huda tsakanin baki da kogon. A ƙasa akwai jijiyar da ke bi ta cikin muƙamuƙi, idan aka ji mata rauni leɓe da haɓa su mutu na watanni, wani lokacin har abada.

Abu Yasir: Ko a gida ma doka ba ta ba shi ba. Yin aikin likitan haƙori a Najeriya sai mai rajista da hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN. Idan zai zo hutu, a rubuta wa shugaban sashen takarda a nemi izinin kallo, ya karɓi takardar shaida mai ɗauke da ranaku da sa hannu idan ya gama. Ya sa su a fom a matsayin ƙari. Ba za su maye gurbin na Amurka ba, domin makarantun na son ya san yadda aikin yake a inda zai yi shi: inshora, takardar amincewar mara lafiya, da dokar sirri ta HIPAA.

Baban Nana: To na ji. Amma idan ya zo a kai shi Sakkwato ya ga asibitin yara masu ciwon noma, cutar da ke cin naman baki da fuska. Tun Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cutar cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, kuma daga dasashi take farawa. Wanda ya ga wannan ya san ciwon baki ba wasa ba ne.

Dakta Ummi: Wannan shawara ce mai kyau, idan sun ba da izini. Sharaɗi ɗaya: ba hoto. Ko fuskar ba ta fito ba.

Anti Hadiza: Kun tsallake abin da ya kamata a fara da shi. Kafin ya taka ɗakin aiki, rigakafin ciwon hanta nau'in B. Tsohon tsarin allura uku ne: yau, bayan wata ɗaya, sai a wata na shida. Akwai kuma Heplisav-B mai allura biyu tsakanin wata guda. Wata ɗaya zuwa biyu bayan ta ƙarshe a gwada jini, a ga garkuwar ta kai 10 a ma'aunin gwajin (mIU/mL). Idan an yi masa tun yana jariri, ya nemo katin, makarantar ma za ta tambaya. Kuma tunda ciwon ya yi yawa a yankinmu, wanda aka haifa a gida ya gwada ko yana ɗauke da shi tun kafin allurar; gara ya sani da wuri ya ga likita. Wurare da yawa za su nemi gwajin tarin fuka da shaidar horon farfaɗo da wanda numfashinsa ya tsaya, wadda ke aiki shekara biyu.

Idan aikin albashi ne, dokar hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Amurka, OSHA, ta wajabta wa mai asibitin ya ba shi rigakafin hantar kyauta cikin kwanakin aiki 10 da fara aiki. Mai kallo ba ma'aikaci ba ne, shi zai nema wa kansa.

Allura ko wani kaifi ya soke shi? Ya wanke da ruwa da sabulu nan take, kada ya matse wurin ko ya zuba bilic, ya faɗa wa likita a minti ɗin. Maganin kariya daga ƙanjamau ana so a fara shi cikin awanni kaɗan, iyakarsa awa 72, ana sha kwana 28. Kuskuren sababbi shi ne ɓoyewa don kunya sai washegari.

Maman Khalifa: Allah ya saka, Anti. To aikin albashin da uwarsa ke so fa? Za su ɗauki wanda bai da takardar komai?

Anti Hadiza: Ƙofar shiga ita ce ɗakin wanke kayan aiki, kuma ni ina ganin nan ne makaranta mafi kyau ga mai son wannan sana'a. A nan zai san sunan kowane ƙarfe, ya san wanne ke tafiya da wanne. Ga yadda aikin yake. Kaya na fitowa daga ɗakin likita a rufaffen tire, a ajiye su ɓangaren datti. Da safar hannu mai kauri ake ɗaukarsu, ba siririyar duba mara lafiya ba. A zuba su a injin da ke kakkaɓe datti da girgizar ruwa, a ɗauraye, a bari su bushe sarai, a duba ko siminti ko jini ya maƙale, a buɗe bakin almakashi da filaya, sannan a sa a leda mai alamar da ke canza launi. Daga nan sai tukunyar turara, otokilef. Mai tsohon tsari digiri 121 a ma'aunin Celsius na minti 30, mai zuƙe iska digiri 132 na minti 4, sannan lokacin bushewa.

Inda ake ɓata aiki: a cusa ledoji da yawa don sauri, tururin ya kasa ratsawa. Ko a ciro su da danshi, takardar ledar ta jiƙe ta jawo ƙwayoyin cuta daga hannu zuwa ciki. Canjin launin leda yana nuna zafi ya taɓa ta ne kawai. Tabbacin cewa tukunyar na kashe komai shi ne gwajin ƙwayoyin cuta masu taurin kai da ake sawa a ciki aƙalla sau ɗaya a mako, a rubuta sakamakon a littafi. Injin feran haƙori ma sai an turara shi bayan kowane mutum, goge bayansa da auduga bai wadatar ba, domin yana iya zuƙo yawu ciki.

Abu Yasir: Ƙari a kan zama mataimaki a gefen kujera: kowace jiha da dokarta. A Texas ba zai ɗauki hoton haƙori haka kawai ya ci gaba da yi ba, akwai rajistar mataimakin likitan haƙori, RDA, da hukumar haƙori ta jihar ke bayarwa bayan ɗan kwas da jarrabawa. Babbar shaidar ƙasa ta CDA, wadda hukumar jarrabawar mataimaka, DANB, ke bayarwa, sai wanda ya gama makarantar da aka amince da ita ko ya tara awa 3,500 na aiki. Mai shirin zama likita ba ya buƙatarta, kada a sa shi kashe kuɗi a kai.

Malam Sanusi: Ni a nan nake da ja. Yaro yana aji biyu, gabansa akwai kemistiri na oganik kashi biyu da fiziks da bayokemistiri. Idan ya ɗauki aikin awa 25 a mako makinsa ya zube, awanni dubu ba za su ɗago shi ba. Ana fara tace masu nema da maki da sakamakon DAT, jarrabawar shiga makarantar haƙori, kafin wani ya karanta abin da suka yi a asibiti. DAT ɗin kuma ba ƙaramin abu ba ne: tambaya 100 na kimiyya a minti 90, tambaya 90 na gane siffofi a awa ɗaya, 50 na fahimtar karatu, 40 na lissafi. Daga Maris 2025 ma an sauya makin daga tsarin 1 zuwa 30 ya koma 200 zuwa 600, don haka kada ya ruɗe da lambobin da tsofaffin ɗalibai ke faɗa. Aikin albashi ya bari sai dogon hutu.

Dakta Ummi: Na yarda da Malam a kan lokacin karatu. Sai dai kada a raina aikin hutun. Mai kallo yana ganin likita, mataimaki kuwa yana jin aikin a bayansa da wuyansa. Sana'a ce ta sunkuyo a kan wuri mai faɗin 'yan milimita, awa takwas, a bakin mutumin da ke tsoronka. Karatun shekara huɗu ne bayan digiri, kuma waɗanda suka ci bashi suna fitowa da kimanin dala 300,000 a kansu. Gara ya gane ba ya so a hutun aji biyu da ya gane bayan ya sa hannu a takardar bashi.

Ga abin da zai sa wa ido idan ana farin ciko, don kada ya tsaya kamar dogari. Allurar kashe zafin yawanci lidokain ce kashi 2 cikin ɗari da adirenalin. Ya lura likita na ɗan ja baya kafin ya tura, don ya tabbata bai shiga jijiyar jini ba. Sai a killace haƙorin da shimfiɗar roba ko auduga. A fere ruɓar. A shafa asid kashi 37 cikin ɗari na kamar daƙiƙa 15, a wanke, a sa gam, a haska shuɗiyar fitila. Cikon ana zuba shi kaɗan-kaɗan, kauri bai wuce milimita 2 ba, ana haskawa kowane zubi, saboda hasken ba ya ratsa mai kauri kuma abin yana tsukewa idan ya daskare. Yawu ya taɓa wurin bayan asid, gam ba zai kama ba, bayan watanni gefen ya yi baƙi ko cikon ya faɗo. A ƙarshe a sa mutum ya ciji takarda mai launi. Idan cikon ya yi tudu ko kaɗan, zai dawo da ciwon tauna. Kada ya kalli fitilar kai tsaye.

Wanda ya san wannan zai iya tambaya mai ma'ana: me ya sa aka yi wa wannan ciko, wancan aka ce sai hula? Amma tambayar a barandar baya ko bayan mara lafiya ya fita. A gabansa ko "kai!" kada ya ce.

Anti Hadiza: Wurin tsayuwa ma. Idan kan mara lafiya shi ne ƙarfe 12 na agogo, likita mai amfani da hannun dama yana tsakanin 7 da 12, mataimaki 2 zuwa 4, ana miƙa kaya ta kan ƙirji tsakanin 4 da 7. Mai kallo ya tsaya bayan kafaɗar likita, hannu a baya. Duk abin da ke kan tire, ko faɗuwa ya yi, ba nasa ba ne.

Abu Yasir: Tunda zai yi kallo a ƙasashe biyu, ya kiyayi lambobin haƙora. Amurka daga 1 zuwa 32 suke ƙirgawa, daga turmin ƙarshe na sama ta dama. A gida an fi sabawa da tsarin lamba biyu na ƙungiyar likitocin haƙori ta duniya, FDI, ko wani tsarin da ake kira Palmer. Haƙori na 14 a Houston turmin farko ne na sama ta hagu, wanda FDI ke kira 26. Shi kuma 14 na FDI yana sama ta dama, shi ne na 5 a Amurka. Ya rubuta tsarin da ya yi amfani da shi a saman kowane shafi na littafinsa.

Littafin kuma: rana, awanni, sunan likita da lambar asibiti, aikin da aka yi, da layi biyu kan abin da ya fahimta. Ba sunan mara lafiya, ba shekarun haihuwa. Daga nan zai ciro abin rubutawa a bayanin kansa, wanda AADSAS ta ƙayyade wa haruffa 4,500. Awannin kada ya ƙara ko ɗaya, ana iya kiran asibitin.

Hajiya Turai: Ku yi haƙuri in shigo da tawa. 'Yata a Ingila take, tana shekarar farko ta A-level. Duk wannan ya shafe ta?

Malam Sanusi: Tsarin daban ne, Hajiya. Can daga sakandare ake shiga, shekara biyar. Ana nema ta UCAS, shafin neman jami'o'in ƙasar, kafin 15 ga Oktoba, makarantun haƙori huɗu kawai za ta iya zaɓa, kuma akwai jarrabawar share fage ta UCAT a bazarar da ta gabaci neman. Ba sa ƙirga ɗaruruwan awanni. Mako ɗaya zuwa biyu a asibitin unguwa mai karɓar marasa lafiyar tsarin lafiya na gwamnati, NHS, da aikin kula da mutane kamar gidan tsofaffi, sannan a ganawa su tambaye ta me ta koya. Ta karanta ƙa'idoji tara na hukumar likitocin haƙori ta ƙasar, GDC, kafin ganawar. Kuma ta san cewa a asibitocinsu ana son hannu a buɗe daga gwiwa zuwa ƙasa. Ɗankwali ba matsala, maganar dogon hannun riga ce za ta tambaya tun kafin ranar farko, wasu wuraren suna ba da hannun riga na leda da ake yarwa.

Baban Nana: Mu na gida kuma da JAMB za mu shiga BUK ko Maiduguri?

Abu Yasir: Ba a neman awanni ko ɗaya. Turanci, fiziks, kemistiri da bayoloji, maki mai yawa, shekara shida, sai shekarar horo a asibiti. Amma da yawa suna faɗawa haƙori ne don ba su samu gurbin likitanci ba, ba su taɓa ganin yadda ake aikin ba. Mako biyu na kallo bayan WAEC zai yi musu amfani ko ba wanda ya tambaya.

Maman Khalifa: Na kwashe duka zan tura wa uwarsa. Saura takardar yabo daga likita da makarantu ke nema, yaushe zai nema?

Dakta Ummi: Ana buɗe fom a watan Mayu, kuma ana duba na farko-farko tun kafin wa'adi ya cika, don haka ya tura da wuri a shekarar da zai gama aji uku. Takardar ya roƙe ta tun Fabrairu ko Maris, daga likitan da ya fi daɗewa da shi, ya ba shi kwafin littafin awanninsa. Makarantu da yawa suna son biyu daga malaman kimiyya, ɗaya daga likitan haƙori. Likitan kada ya zama ɗan'uwansa. Za a kuma tambaye shi aikin hannu da ya iya. Idan yana ɗinkin hula, ko gyaran waya, ko rubutun allo mai zayyana, ya rubuta, duk suna shiga.

Anti Hadiza: Ki ƙara masa da wannan. Ranar da zai fara ganin cire haƙori ya karya kumallo sosai, ya sa rufaffen takalmi, kada ya ƙame gwiwoyinsa a tsaye. Idan ya ji zufa da jiri, ya ja baya ya zauna a ƙasa ya jingina da bango, kada ya ce zai daure ya faɗo kan tire. Idan kuma ranar ta faɗo cikin azumi, ya roƙi a ba shi zaman safe.